Wasiƙa Zuwa Ga Marubutan Labaran Bin Sawun Masu Laifi

'Yan'uwana marubuta,

Daga Dogon Kiriya nake rubuto muku, cikin ƙasar Arewa. Abin da ya dame ni shi ne, yawancin labaran da kuke turowa ta waya ba a garinmu suke faruwa ba, ba kuma a naku ba. Ɗan sanda ya fito da baƙin tabarau, ya kai gashin mamaci ɗakin gwaji, kafin la'asar an kama mai kisan. A ina?

Mu nan in an kore wa mutum shanu da dare, mai bin sawu ake fara tasowa. Shi ya san kofaton da ya tsage, ya san ko gudu aka yi da dabba ko jan ta aka yi, kuma yana sauri don kada iska ta share rairayi. Daga nan sai ƙofar mai gari, sai fadar sarki, sai jandarmomi, kafin magana ta isa gaban alƙali a Dogon Dutsi. A kowace ƙofa akwai wanda ya sani ya yi shiru, don ɓarawon ɗan ƙanwarsa ne, ko surukin wanda ya ranta masa hatsi da bazara. Wannan shirun shi ne labarin. Kuma ku tuna, tun kafin zuwan Nasara mutanen Arewa suna kai ƙara wurin Tunguma, dutsen shari'a na ƙasar Lugu. Ko mai karatu bai yarda da dutsen ba, zai so ya ga fuskar wanda aka ce ya zo ya tsaya gabansa.

Magabatanku sun nuna hanya. A 1982 aka buga Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, a kan fasa-ƙwauri da cin hanci. A shekarar ce kuma Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare ya fito, labarin Mailoma, sojan da ya koma ta'addanci bayan yaƙin basasar Najeriya. Ba su je aron laifi wata ƙasa ba. Shi ma Georges Simenon, mutumin Beljiyam da ya rubuta littattafan ɗan sanda Maigret guda 75, tun yana yaro a 1919 ya fara aikin jarida a Liège, yana zarya ofishin 'yan sanda don ɗauko labari. Ya ga masu laifi ido da ido kafin ya ƙirƙiro nasa.

Saboda haka ku tashi ku je. Ku zauna kotu ku ji yadda mai shaida ke rantsuwa muryarsa na rawa. Ku yini a kara ranar kasuwa, ku ga yadda dillali ke tambayar asalin sa kafin ya karɓi igiya.

Abu ɗaya nake roƙonku da babbar murya: kada ku ɗora laifi a kan ƙabila. Ƙasarmu na cikin zafi, kuma littafin da kullum ɓarawonsa makiyayi ne yana iya jawo wa marar laifi duka a kasuwa. Ku ba ɓarawonku suna, da uwa, da dalilin da ya kai shi. Ku ba wanda aka cuta shafuka fiye da na wanda ya cuce shi.

Allah ya yi wa alƙalaminku albarka.

Wassalam,
Ɗan'uwanku mai karatu, Dogon Kiriya