Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Jigawa: a dawo mana da majigi kafin sharar gona

Mai girma Gwamna, Malam Umar Namadi,

Daga Achilafiya nake rubuto maka, a ƙaramar hukumar 'Yankwashi ta masarautar Kazaure, kuma maganar fim ce ta kawo ni, fim ɗin da ya shafi gerommu da dawarmu.

Masu kyamara sun daɗe suna ɗaukar ƙasashenmu na bakin Sahara. A 2010 an yi fim a kan Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya farfaɗo da faƙo ta hanyar tona ƙananan ramuka yana zuba taki. A 2019 aka fitar da The Great Green Wall, inda mawaƙiyar Mali, Inna Modja, ta bi layin katangar itatuwan da Tarayyar Afirka ta ƙuduri dasawa tun 2007 daga Senegal zuwa Jibuti, har ta ratso Najeriya da Nijar. Jigawa tana cikin jihohi 11 da katangar ta shafa. Amma domin masu kallo na Turai da Amurka aka tsara finafinan, kuma ban taɓa haɗuwa da manomi a Roni ko Gwiwa da ya ga ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin yana damuna, domin a cikinsu akwai ilimin da mu ne muka fi kowa buƙatarsa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Volker Schlöndorff, Bajamushe, a kan Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya da ya yi aiki a Maraɗi. A 1983 Rinaudo ya lura cewa 'yan tsirran da ake sarewa a gonaki duk shekara kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu na nan a ƙasa. Sai aka fara zaɓen kututture, a bar masa tofo mafi ƙarfi, a datse sauran, a kare shi daga awaki. Manoman can suna ce wa wannan hanya sassaben zamani. Ba a sayen dashe, ba a ban ruwa. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Hausawa ne 'yan uwanmu suka yi wannan aiki, a jigawa irin tamu, kuma daga Babura iyaka ce kawai ta raba mu da ƙasarsu.

Mu kuwa, Ranka ya daɗe, in lokacin shara ya yi, mutum zai shiga gona da gatari da manjagara ya kwashe kalgo da sabara da ɗan gawon da ya fara tasowa, ya tara ya cinna wuta. Ruwan farko ya sauka, a yi shuka, iska ta taso ba abin da zai tare ta, rairayi ya binne tsiron, a koma neman iri. Ba ganganci ba ne. Haka muka gada, gona mai tsabta ita ce ta manomin kirki. Jawabin malamin gona ba ya sauya wannan. Amma in manomi ya ga ɗan uwansa na Maraɗi a majigi, tsaye ƙarƙashin gawo, yana nuna yadda geron gindinsa ya fi na fili zangarniya domin gawo yana zubar da ganye da damina, zai tsaya ya yi tunani. Gani ya kori ji.

Iyayenmu sun san motar majigi da ke tsayawa a ƙofar fada bayan isha'i, kuma har yau akwai dattawan da ke tuna fim ɗin Baban Larai. Motar nake roƙon ka dawo mana da ita. Gwamnatinka tana da gidan talabijin da na rediyo, ƙwararrun Kannywood suna nan kusa a Kano, ga ɗalibai a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure da za su koyi aikin. Shirin ACReSAL na Bankin Duniya, wanda Jigawa ke ciki, domin gyaran ƙasa aka kafa shi. A duba ko zai ɗauki nauyin wannan.

A yi gajerun finafinai da Hausa, manoma su ne masu magana. A zauna da tsofaffin da suka ga farin 1973 da na 1984 tun suna raye, su faɗi inda kanya da ɗorawa da marke suke a da. A ji daga bakin matan da ke neman itacen girki, da makiyayan da burtalinsu ya ƙuntata, har da mai gawayi, domin shi ma abincin 'ya'yansa yake nema. A haɗa da mutanen Haɗeja da Auyo da ambaliyar 2022 ta ci gonakinsu, mu ga nasu su ga namu. Abu ɗaya kuma da nake so ka tsaya a kai da kanka: duk inda aka yi bikin dashen itace, kyamara ta koma bayan shekara biyu ta nuna abin da ya rayu da abin da ya mutu, a tambayi mutanen wurin dalili.

A nuna finafinan a dandali, mata kuma a kai musu makarantun Islamiyya da rana, sannan a bai wa masu tura finafinai a waya kyauta. In so samu ne, motar ta fara zagaye cikin watan Maris, kafin gatari ya shiga gona.

Wassalam.
Naka,
wani ɗan Achilafiya