Man Kaɗe da Fure Sun Fi Man Bilicin

A Mont-Bouët, babbar kasuwar Libreville inda Hausawa ke fatauci, mayukan shafawa sun yawaita, sai dai ba kowanne ne abin amincewa ba. Wasu mayukan bilicin suna ɗauke da zaiba, mai lalata ƙoda. Shi ya sa a 2023 Gabon ta shiga shirin Majalisar Ɗinkin Duniya na kawar da su.

A ganina, haɗin gida ya fi. A jiƙa busasshen furen wardi cikin man kwakwa mako biyu, a tace, a gauraya da narkakken man kaɗe. Lalle furen ya bushe sarai, domin damshi na kawo funfuna. Wannan man zai tausasa fata, ya bar ta da launin da Allah ya yi mata.