Awon jini ba ya wanke mutum daga ciwon daji

Ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati yakan ware kuɗi masu kauri, ya kai kansa da maiɗakinsa awon jini na neman ciwon daji. In takarda ta fito da ƙaramin adadi, sai ya koma gida da murna. Wannan murna tana iya zama tarko.

Awon CA-125, wanda Robert Bast ya gano a Amurka a 1981, shi ake yi dangane da dajin ƙwan mace, kuma iyakarsa 35 ce. Amma kusan rabin matan da ciwon yake matakin farko, adadinsu ba ya wuce wannan iyaka. Sannan yakan hau saboda haila, ko juna biyu, ko ƙarin mahaifa marar daji, ko ciwon hanta, ko tarin fuka da ya sauka ciki. Ke nan marar daji ta shiga fargaba, wata har a kai ta tiyata, mai daji kuwa a ce mata lafiya lau. A Birtaniya an bi mata fiye da 200,000 shekara da shekaru. Sakamakon 2021 ya nuna tantance masu lafiya da wannan awo bai rage mace-mace ba.

Haka abin yake ga dajin tumbi. Awon CEA da CA 19-9 da CA 72-4 sau da yawa ba sa motsi sai ciwo ya yi nisa. Abin da ke tabbatar da shi shi ne tiyo mai kyamara da ake zurawa ta baki, a tsinko nama a duba. Koriya ta Kudu da tiyon ko hoto take duba masu shekara 40 zuwa sama duk shekara biyu, ba da jini ba.

Amfanin awon jinin yana hannun likita, bayan an tabbatar da ciwo: shi ke nuna ko magani na ci, ko ciwo ya dawo.

Don haka mai kumburin ciki da ya ƙi sauka, ko saurin ƙoshi, ko rama ba dalili, ko baƙin bayan gida, ya nemi likita, ko da takardarsa ta yi kyau. Hukuma kuma ta hana sayar da awon ga wanda likita bai rubuta wa ba, ta wadata asibitocin Maraɗi da Damagaram da Tawa da tiyon, da na'urar hoton ciki, da ƙwararrun masu duba nama. Cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai ba za ta iya ceto wanda takarda ta ruɗa har lokaci ya ƙure masa ba.