Kafin mu yi wa masu ƙin cin nama dariya

Jama'a, tun safe nake ganin ana ta raha a nan Facebook a kan Turawan nan da ba sa cin nama, wai yau 1 ga Nuwamba ce ranarsu ta duniya. Wani ya ce ƙoshi ne ya yi musu yawa, wani ya ce a kawo su bakin tukubar mai tsire su tuba. Ni ma na dara, ba zan ɓoye ba. Amma bari in faɗi abin da ke raina, ko da za ku ce boko ya fara juya min kai.

Da farko dai, ni mai cin nama ne, jiya ma balangu na ci. Allah ya halatta mana, wannan ba abin jayayya ba ne a wurina. Sai dai yawancinmu ba mu taɓa tsayawa mun ji hujjar mutanen nan ba.

Sunan da ake kiran su da shi, wato 'yan bigan, ya samo asali ne a Ingila a 1944, lokacin da Donald Watson da abokansa suka kafa ƙungiyarsu. Ba nama kaɗai suka bari ba, har da madara da ƙwai da zuma da takalmin fata da siliki. Tushen maganarsu ɗaya ne: dabba tana jin zafi, tana jin tsoro, to idan mutum zai iya rayuwa ba tare da ya wahalar da ita ba, mene ne uzurinsa?

Za ka ce nama mun ji, amma ƙwai da madara fa, wa aka kashe? Nan ne ni ma jikina ya yi sanyi.

A manyan kamfanonin ƙyanƙyasar kajin ƙwai, ɗan tsako namiji ba shi da amfani, don ba zai yi ƙwai ba, kuma irinsa ba ya tara nama da wuri. Saboda haka ranar da aka ƙyanƙyashe shi ake kashe shi, ko da iskar gas ko a injin niƙa. Biliyoyi ake kashewa haka duk shekara, har sai da Jamus ta haramta abin daga farkon 2022. Matan kuma a wurare da yawa keji ake cusa su, kowace filinta bai kai faɗin takarda ɗaya ba, ko fiffike ba ta iya buɗewa. Tarayyar Turai ta hana irin wannan kejin tun 2012, amma a ƙasashe da dama har gobe ana yi.

Madara kuwa, kowa ya san saniya ba ta nono sai ta haihu. A gonakin zamani kusan duk shekara ake sa ta ɗauki ciki, a raba ta da maraƙinta tun kwanakin farko, don nonon na sayarwa ne. Da zarar ya ragu sai mayanka, tana da shekara biyar ko shida, alhali saniya kan kai shekara ashirin. Siliki ma, tsutsar ake dafawa da ranta a cikin gidanta don kada zaren ya tsinke.

Kuma kada a ce bidi'ar Turawa ce kawai. Abul Ala al-Ma'arri, makahon mawaƙin nan na Siriya da ya rasu a 1057, ya daina cin nama da madara da ƙwai da zuma saboda tausayin dabbobi. Malamai da yawa sun soki aƙidarsa, amma dai tambayar tsohuwa ce.

Inda na rabu da su shi ne nan. Bafulatanin da ya san kowace saniyarsa da suna, yake barin maraƙi ya fara tsotsa kafin a tatsa, ba za a haɗa shi da masana'anta ba. Akwai ƙasar da ciyawa kawai take fitarwa, in ba kiwo ba, ba abinci. Sannan mai barin kayan dabba gaba ɗaya dole ya nemi sinadarin B12 ta wata hanya. A inda yara ke fama da tamowa, ba zan iya buɗe baki in ce wa uwa ta hana ɗanta ƙwai ko nono ba, ko awara ta cika gari.

Amma fa mu dubi kanmu. Wa bai taɓa bin bayan tirelar shanu mai tafiya Legas ba, an cusa su kamar buhuna, an ɗaure ƙaho, cikin rana, ba ruwa? Wa bai ga kaji rataye a babur kai ƙasa ba? Jaki da gyambo a baya, an labta masa kaya ana jibga. A yanka rago ɗan'uwansa yana kallo, da wuƙar da ko albasa ba ta yankawa da kyau. Wallahi mun saba da gani har abin ya daina damun mu.

Alhali mu ne aka karantar da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, da mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare. Mu ne aka umarta da mu wasa wuƙa, mu hutar da abin yanka. Yanka halal ne, amma zalunci bai taɓa zama halal ba.

Ni dai ba zan daina cin nama ba. Amma na yi wa kaina alkawari, ba zan sake ɗauko kaza a rataye ba, kuma ragon layyata zai sha ruwa, ya samu inuwa, ba zai ga wuƙa ba sai lokaci ya yi. Kai ma da ke dariya, me za ka gyara?

Allah ya ba mu tausayin abin da ba ya iya kai ƙara.