Kada A Taɓa Salansa A Manta Da Jet

Duk wanda ya bi hanyar Katsina ya ratsa Dawanau zai ji rurin babura kamar aradu. Tun da Gwamnatin Kano ta hana acaɓa a cikin birni a Janairun 2013, babur bai rasa aiki a karkara ba. Shi ke kai buhun gero kasuwa, shi ke kai malami makarantar ƙauye. Saboda haka mu ke so mu jawo hankalin malamai da akawuna bisa wata ɗabi'a da ta yaɗu, ta yanke salansa da cire matatar iska, wai don babur ya ƙara gudu.

Ga yadda abin ya ke. Inji ba ya ƙona mai shi kaɗai, sai an gauraya shi da iska, kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na mai bisa nauyi. Watau lita ɗaya ta fetur tana bukatar iska wajen lita 9,000. Kafireta ce ke yin wannan awo, ta wata 'yar tagulla mai huda wadda makanikai ke kira jet. Masu ƙera babur, ko Bajaj ne ko Jincheng, sun zaɓi girman hudar nan daidai da matatar iska da salansar da suka sa masa. Kadan mutum ya buɗe wa iska hanya ta shiga da yawa ta fita da sauri, amma ya bar jet yadda ya ke, to mai ya yi kaɗan ke nan. Inji zai riƙa zafi, ya riƙa tari in an murɗa totur, ya riƙa harbi in an sassauta. Kafin a jima bawul ya ƙone, wani lokaci ma fistin ya huje.

Abin ya ƙara muni tun da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu, 2023. Waɗansu, don tsimi, su kan sa a ƙanƙanta musu jet bayan sun riga sun yanke salansa. Wannan shi ne garin neman ƙiba a samo rama. Abin da aka tsimanta na wata uku ba zai biya sauke inji sau ɗaya ba, balle kwanakin da yara za su zauna ba malami.

Ba mu ce kada a sāke kome ba. Salansa ta kan ruɓe, irinta kuwa ba kullum a ke samu ba. Amma wanda ya sāke ta, wajibi ne ya koma kan kafireta. Akwai ƙaramin jet mai ciyad da inji sa'ad da ya ke tsaye yana aiki, akwai allura mai kula da matsakaicin gudu, sa'an nan babban jet na sa'ad da aka buɗe totur duka. A kan ko wane jet akwai lamba, babbar lamba babbar huda, amma lambar Keihin ba ɗaya ta ke da ta Mikuni ba, kada a gauraya su. A ƙara mataki ɗaya kurum, a hau babur ya yi zafi sosai, a kwance fulogi a duba bakinsa. In ya yi fari fat, mai bai isa ba. In ya yi baƙi da kunkunniya, mai ya yi yawa. In ya yi ruwan ƙasa kamar garin kunun gyaɗa soyayye, an dace. Kada kuma a yarda makanike ya faɗaɗa huda da waya ko tsinke, gama hudar da aka faɗaɗa ba ta komawa.

Matatar iska kuwa, ba mu ga hujjar cire ta ba ko kaɗan. Mu a nan ƙurar hunturu ta ishe mu daga Disamba zuwa Fabrairu, ga ta turbobin gonaki, ga ƙaiƙayin kasuwar hatsi. Ƙurar da ta shiga inji tana cin zobban fistin kamar zarto, ba kuwa jet ɗin da zai hana wannan. A wanke soson matatar, a shafa masa ɗan baƙin mai, a mayar.

Muna roƙon malamai su ɗauki wannan cikin darasin kimiyya da lissafi. A kawo tsohuwar kafireta aji, a kwance ta, yara su ga hudar da idonsu. Da yawa cikinsu su ne masu koyon aiki a gindin makanikai da yamma, su ne kuma za su gyara baburanmu gobe. Yaron da ya gane awon mai da iska ba zai ɗauki ƙara a matsayin ƙarfi ba. Rigakafi ya fi magani. Allah ya sa mu gane, amin.