An kori yaro don ya ce a taimake shi

Malam Edita,

Ka ba ni fili in faɗi abin da ya hana ni barci. A unguwarmu nan Dakoro an kori yaro daga gidan ubansa don ya ce shakka ta shiga zuciyarsa kan addini. Bai zagi kowa ba. Ya dawo hutu daga karatu a Maraɗi, ya sami baffansa bayan isha'i yana hawaye, ya ce yana tsayawa salla amma zuciyarsa ba ta tare da shi, a taimake shi. Kafin hantsi magana ta gama gari. Da idona na ga an jefo jakarsa ƙofar gida, takardunsa sun watse cikin rairayi, uwarsa na leƙe ta bayan danni ba ta da ikon cewa uffan. Da dare wani mai wa'azi ya ɗauki lasifika ya ce yaron shi ya zaɓi wuta da kansa.

Ya zaɓa? Wa zai zaɓi abin da zai raba shi da uwarsa da tuwon gidansu? Wanda ya zaɓa ba ya zuwa yana kuka. Imani ba riga ba ne da mutum zai sa da safe ya tuɓe da yamma. Tun a makarantar allo aka koya mana shiriya ta Allah ce. Manzon Allah (SAW) ya so baffansa Abu Ɗalib ya musulunta, bai samu ba. Annabi Nuhu bai iya shigar da ɗansa jirgi ba. Imam Gazali, wanda malamanmu ke karanta littattafansa har gobe, shi da kansa ya rubuta cewa ya yi kusan wata biyu cikin shakka sai da Allah ya yaye masa. Da a unguwarmu yake, da mun jefo masa jakarsa waje.

Ka san labarin Mubarak Bala na Kano. A 2014 danginsa suka kai shi asibitin masu taɓin hankali don ya ce ya bar addini. A 2020 aka kama shi kan rubutunsa a Facebook, a 2022 kotu ta yanke masa shekara 24, daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da su 5. Ni ban yarda da abin da ya rubuta ba, domin ɓatanci mutum ne ke zaɓar yin sa. Amma asibiti da kurkuku sun mayar masa da imani? Ya fito yana kan bakansa. Namu yaron kuwa ko kusa bai kai nan ba, taimako ya nema, aka kore shi. Aka kore shi, Malam Edita!

Ina manyan gari suke? Ina limamanmu? Samarinmu na kwana a fada suna shan shayi, waya a hannu, suna jin maganganu daga ko'ina cikin duniya, ba aikin yi, ba mai zama da su. In sun zo masallaci sai rigimar ƙabalu da sadalu, wannan na kafirta wancan. Shugabanni kuma sai lokacin da suke neman jama'a ake ganin motocinsu a hanyar Kornaka. Yaro ya yi tambaya a ce masa arne, to gobe wa zai ƙara buɗe baki? Sai su yi ta sallar ganin ido, mu kuwa muna murna sahu ya cika.

Ina roƙon malaman Maraɗi da ke karanta jaridar nan su fito su gaya mana ko akwai littafin da ya ce a kori mai shakka in ya zo neman magani.

Wassalam.
Mai karatunku, daga Dakoro