Kada Ka Sayar Da Indomie Ɗin Motarka

Jama'a, tun da aka cire tallafin mai a 2023 ake ta mayar da motoci gas, wai ba ya hayaƙi. To, ba duk hayaƙi ido ke gani ba. Zafin inji kan haɗa naitirojin da oksijin, su zama gubar da ke tayar da asma. Mai warware gubar nan ita ce saƙar zumar cikin salansa, wadda makanikai ke kira Indomie. Akwai ƙarfen rodiyam mai tsada a jikinta, shi ya sa ake farautarta. An taya tawa, na ce albarka. 'Yata na da asma, kuma a ƙafa take ratsa titi zuwa makaranta. Don Allah ku bar taku a inda take.